Hay-on-Wye, ɗan ƙaramin garin littattafai a bakin kogi a Wales: tambayoyi da amsoshi

Wai ina ne ma wannan Hay-on-Wye ɗin?

A Wales yake, cikin Birtaniya, a yankin da ake kira Powys. Amma fa a bakin iyaka yake sosai, don akwai wani ɗan rafi da ake ce wa Dulas a gefen garin, kana tsallake shi ka shiga Ingila ke nan, da ƙafa ma minti kaɗan ne. Shi ya sa idan za ka aika wa mutumin garin wasiƙa lambar gidan wayan Hereford za ka sa, wadda take Ingila, alhali shi yana zaune a Wales. Kogin Wye ne ya bi ta arewacin garin, daga kudu kuma ga duwatsu sun tokare shi. Mutanen garin ba su kai 2,000 ba, wato wata unguwar a Kano ta ninka shi sau ba adadi.

Wales ɗin ba Ingila ba ce?

A'a, kuma kar ka faɗi haka a gabansu don ba sa so ko kaɗan. Ƙasashe huɗu ne suka haɗu a ƙarƙashin sarauta ɗaya, Ingila, Scotland, Wales da Ireland ta Arewa. Wales tana da babban birninta Cardiff, da majalisarta da suke kira Senedd, da tutarta mai jan dodo, da harshenta. Mutanenta miliyan 3 ne da ɗoriya, tumakinsu kuwa sun ninka mutanen kusan sau uku, kuma wannan ba zance ba ne, tun a mota za ka fara ganinsu fari fat a kan tuddai.

Me sunan yake nufi?

Wye dai sunan kogin ne. Hay kuma daga wata tsohuwar kalma ya fito mai nufin wurin da aka kewaye da shinge. Da harshen Welsh sunan garin Y Gelli Gandryll, ko a gajarce Y Gelli, kuma kalmar gelli tana nufin ɗan kurmi. Duka biyun za ka gani a allon shiga gari. Mutanen wurin dai Hay kawai suke cewa.

To me ya sa ake ta maganarsa, tunda ɗan mitsitsi ne haka?

Littattafai, malam. Tsofaffin littattafai. Garin da ba shi da mutum dubu biyu amma yana da shagunan littafi sama da 20, a da ma sun haura 30. Kuma ba irin shagon da za ka ga kanta biyu da biro da littafin rubutu ba, a'a, gini ne hawa biyu hawa uku, ɗaki cikin ɗaki, kanta tun daga ƙasa har silin, wani wurin sai ka karkata kafin ka wuce. Akwai wanda tsohon gidan silima ne aka cire kujerun aka cika shi da littafi. Akwai shagon da ba ya sayar da komai sai waƙoƙi, akwai wanda nasa labaran bincike da kisan kai ne kawai, akwai na taswira, na littattafan yara, na tsirrai da tsuntsaye. Kana shiga warin tsohuwar takarda ne zai fara tarbar ka, irin wanda kake ji idan aka buɗe adakar littattafan wani dattijon malami, kuma ba wanda zai dame ka da me kake so, za ka iya zama a ƙasa ka yi awa biyu kana karatu mai shagon bai ce maka uffan ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kantocin da ke jikin ganuwar fadar garin, a waje, ba mai tsaro ba mai karɓar kuɗi. Littattafai ne jere, wasu ma danshi ya ɗan kumbura su, an rubuta farashi, sai wani ɗan akwati mai rami a sama. Ka zaɓa, ka jefa kuɗinka, ka yi gaba. Na tsaya na ɗan jima ina kallo, wata tsohuwa ta zo da karenta ta ɗauki guda biyu, ta buɗe jaka ta daɗe tana laluben tsaba, ba wanda yake kallonta a saninta, sai da ta haɗa kuɗin cif ta zuba sannan ta tafi. Wallahi har yau ina tuna ƙarar tsabar nan da ta faɗa akwatin.

Ya aka yi littattafan suka taru a can? Jami'a ce a garin?

Babu jami'a. Aikin mutum ɗaya ne a farko, sunansa Richard Booth, an haife shi 1938, ya yi karatu a Oxford. Lokacin da ya dawo yankin garin yana mutuwa ne a tsaye, kamar yawancin garuruwan karkara na wancan zamanin, noma ya koma na inji ba a buƙatar hannu da yawa, matasa suna guduwa birni, shaguna suna rufewa, kuma a ƙarshen 1962 aka dakatar da jirgin ƙasan fasinja da ke bi ta garin gaba ɗaya. A wannan shekarar ta 1962 ce shi kuma ya buɗe shagon tsofaffin littattafai a tsohon ofishin 'yan kwana-kwana.

Dabarar tasa mai sauƙi ce amma sai mai ƙarfin hali. Ya lura cewa littafi ba ya tsada idan ka saye shi da yawa a wurin wanda ya gaji da shi, kuma gine-gine a Hay sun yi arha saboda ba mai so. Sai ya riƙa bin manyan gidajen da ake gwanjon kayansu, da ɗakunan karatun da ake rufewa, har Amurka ya je ya riƙa lodo a kwantena ana kawowa ta ruwa. Ya cika silima, ya cika ɗakunan ajiya, ya cika fada. Hujjarsa ita ce shago ɗaya a ƙauye ba zai jawo kowa ba, amma idan gari guda ya zama shago to mutum zai taso daga wata ƙasa ya zo. Kuma haka aka yi. Yaran da suka yi aiki a ƙarƙashinsa da dama suka koyi sana'ar suka buɗe nasu, wasu suka taso daga wasu garuruwan suka zo suka kafa, masu masauki da masu abinci suka samu ciniki.

Ba wai mutum ne marar aibu ba, harkar kuɗinsa ta sha tangal-tangal, kuma ya yi rigima da hukumomi da dama don ya tsani duk wani tsari da za a zauna a ofis a birni a yanke wa ƙauye. Amma ni a ganina abin da ya gane ya fi na masu ofis ɗin, cewa gari ba ya farfaɗowa da taron bita, sai da sana'ar da mutanen cikinsa za su riƙe da hannunsu. Daga baya wasu garuruwan suka kwaikwaya, kamar Redu a Beljiyam, Montolieu a Faransa da Wigtown a Scotland. Ya rasu a 2019.

Da gaske ne ya naɗa kansa sarki?

Da gaske ne. Ranar 1 ga Afrilu 1977 ya shelanta cewa Hay ta ɓalle ta zama ƙasa mai cin gashin kanta, shi ne sarki, ya sa kambi da alkyabba, ya ba dokinsa muƙamin firaminista, ya riƙa buga fasfo yana sayar da sarautu ga masu so. Ranar da ya zaɓa ita ce ranar da Turawa suke zolayar juna, don haka kowa ya san wasa ne, amma wasan ya yi aiki, 'yan jarida da masu talabijin suka yi ta tururuwa, sunan garin ya zaga duniya ba tare da an biya kuɗin talla ba. Har ya mutu ana kiransa Sarkin Hay.

Bikin da ake yi duk shekara fa?

Shi ne Hay Festival, an fara shi 1988, Peter Florence da iyayensa ne suka kafa. Ana yinsa ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Yuni, kwana goma da 'yan kai, a cikin manyan tantuna a wani fili a gefen gari. Marubuta, masana kimiyya, 'yan siyasa, masu tarihi, mawaƙa, kowa ya zo ya zauna a yi hira da shi a gaban jama'a, a yi masa tambayoyi, sannan ya koma wani tanti ya sa hannu a littafi. Bill Clinton ya zo a 2001. Dubun dubatar mutane suke shigowa, manoma su mayar da gonakinsu wurin ajiye mota da kafa tanti, ɗakin kwana kuwa idan ba ka kama tun watanni kafin nan ba to sai dai ka kwana a wani garin.

Wani abin da mutane ba su sani ba, Booth kansa bai cika ɗasawa da bikin ba, yana ganin na sababbin littattafai ne da manyan kamfanoni da fitattun mutane, shi kuwa na tsoho ne da ƙananan 'yan kasuwa. Kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don za ka ga wanda ya zo ya yi kwana uku a tanti bai leƙa shago ɗaya a cikin gari ba.

Bikin ya yi rassa a waje, akwai na Cartagena a Kolombiya, Segovia a Sifaniya, Arequipa a Peru. A 2014 kuma, lokacin da Fatakwal ta zama birnin littafi na duniya na UNESCO, da haɗin gwiwarsu aka fitar da jerin Africa39, marubutan Afirka 39 'yan ƙasa da shekara 40, kuma Abubakar Adam Ibrahim ɗan Jos yana cikinsu.

Na ji an ce suna da alaƙa da Timbuktu, ya abin yake?

E, tun 2007 aka ƙulla ƙawance tsakanin garuruwan biyu, irin wanda Turawa suke yi gari da gari. Timbuktu ce ta nemi abokiyar ƙawance a Birtaniya, garuruwa da yawa suka nuna sha'awa, aka zaɓi Hay. Dalilin a fili yake, can garin tsofaffin rubuce-rubucen hannu ne na malamai irin su Ahmad Baba, nan garin tsofaffin littattafan ɗab'i, kuma idan ka duba taswira kusan a layi ɗaya suke, ka miƙe kudu daga Hay ba karkata sai ka faɗa kusa da Timbuktu. Akwai ƙungiyar sa-kai a garin mai suna Hay2Timbuktu da take tallafa wa harkar karatu da lafiya a can. Da 'yan bindiga suka mamaye arewacin Mali a 2012, har aka cinna wa wasu rubuce-rubucen wuta a cibiyar Ahmad Baba a farkon 2013, mutanen Timbuktu suka yi ta fitar da sauran a ɓoye cikin akwatuna zuwa Bamako, a Hay ba labarin nesa ba ne, akwai waɗanda suka san mutanen da sunansu. Ni abin ya taɓa ni, ka ga sunan Timbuktu a allo a wani lungun Turai ana ambatonta a matsayin garin ilimi.

Kafin littattafai me garin yake da shi? Tarihin nasa fa?

Garin iyaka ne, kuma garin iyaka ba ya rabuwa da yaƙi. Bayan Normawa, wato mayaƙan da suka fito daga arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066 sai suka riƙa kutsawa Wales suna kafa ganuwa, Hay na cikin wuraren da suka kafa don tsare mashigar kogi. Fadar dutsen da ake gani yanzu a tsakiyar gari ta samo asali ne wajen shekarar 1200, zamanin wani babban mai ƙasa William de Braose da matarsa Maud. Mutanen yankin suna da tatsuniyar cewa ita kaɗai ta gina fadar a dare ɗaya, tana ɗebo duwatsu a cikin zanenta. Ƙarshenta kuwa ba tatsuniya ba ne, kuma abin tausayi ne. Sun ɓata da Sarki John na Ingila, an ruwaito cewa da ya nemi ta ba da 'ya'yanta a matsayin jingina sai ta ce ba za ta miƙa su ga wanda ya kashe ɗan ɗan'uwansa ba. Maganar nan ce ta ja mata. Aka kama ta da ɗanta aka kulle, aka hana su abinci har suka mutu a 1210.

Shi Sarki John ɗin ya ƙona Hay a 1216, sannan Llywelyn, babban sarkin Welsh, shi ma ya ƙona garin a 1231. Wato na gabas ya ƙona na yamma ya ƙona. A ƙarni na 17 aka gina wani katafaren gida a jikin tsohuwar fadar, shi ma ya yi gobara a 1939 da kuma 1977. Wata gidauniya ta saye wurin a 2011, aka yi shekaru ana gyara, aka buɗe wa jama'a a 2022, yanzu kana iya hawa sama ka hango kogin da gonaki har cikin Ingila.

A cikin gari akwai hasumiyar agogo ta 1884, da tsohuwar rumfar kasuwar man shanu ta 1833. Kasuwar garin ranar Alhamis take ci, ɗaruruwan shekaru ke nan, ana kawo cuku, burodi, zuma, kayan lambu, kifi.

Akwai kuma labarin wani lauyan garin, Herbert Armstrong, da aka rataye a 1922 bisa laifin kashe matarsa da guba. Har yanzu ana nuna wa baƙi inda ofishinsa yake.

Kogin fa, yana da kyau kamar yadda ake gani a hoto?

Yana da kyau, amma ba shi da lafiya, kuma wannan ce maganar da ta fi damuna a duk labarin garin. Wye yana da tsawon kusan kilomita 250, ya taso daga tsaunin Pumlumon a tsakiyar Wales, ya bi ta Hay da Hereford da Monmouth, ya faɗa bakin kogin Severn a Chepstow. A da ana ji da shi wajen kifin salmon, masu kamun kifi da ƙugiya daga ko'ina suke zuwa. A Hay akwai wani wuri da ake kira Warren, 'yar tafiya ce daga gari ta tsohuwar hanyar jirgi, inda kogin ya yi lanƙwasa ya bar tsakuwa a baki, iyalai suna zuwa da yara su yi wanka, wasu su hau kwalekwale su gangara.

Matsalar ita ce a 'yan shekarun nan gidajen kaji na zamani sun yi yawa a yankin da ruwansa ke gangarowa kogin, ana ƙiyasta kajin sun kai miliyan 20. Duk manomi ya san kashin kaji taki ne mai ƙarfi, mu ma buhu-buhu muke saya, amma idan ya fi abin da ƙasa za ta iya sha sai ruwan sama ya wanke ragowar ya zuba a kogi. Ga na sauran dabbobi, ga ruwan masai da ke kwarara daga bututu idan an yi ruwa mai yawa. Sinadarin da ke ciki, fosfet, shi yake ciyar da gansakuka, sai ka ga da zafi ruwan ya koma kore ya yi kauri, hasken rana ba ya kaiwa ƙasa, ciyawar ruwa mai farin fure da ƙananan kifi suke fakewa a ciki ta mutu, iskar da kifi yake shaƙa ta ragu. Na sa hannu na ɗago wani dutse a bakin ruwan, maimakon ya zama fes sai ga wani santsi ruwan ƙasa-ƙasa ya lulluɓe shi. A 2023 hukumar kula da muhalli ta Ingila ta sauke matsayin kogin zuwa wanda yake cikin mummunan hali kuma yana ƙara lalacewa.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, kogin rabi a Wales rabi a Ingila, hukuma biyu doka biyu, kowa yana iya nuna ɗan'uwansa. Su ma manoman ba za ka ɗora musu duka ba, da yawansu kiwon tumaki ne ya daina riƙe gida suka koma kaji don su tsira da gonar gado, kuma mai sayen kaza mai arha a birni shi ma yana da hannu. Abin da ya burge ni dai mutanen gari ba su naɗe hannu ba, 'yan sa-kai ne, tsofaffi da 'yan fansho da ɗalibai, suke fita da 'yan kwalabe suna ɗiban ruwa suna gwadawa suna rubutawa, har maganar ta kai kotu da majalisa.

Welsh suke yi ko Turanci?

A Hay Turanci ne ya fi yawa saboda kusancin iyaka. Amma allunan hukuma duk da harshe biyu suke, a kan kwalta za ka ga an rubuta ARAF wato a rage gudu, a bakin gari Croeso wato barka da zuwa, kuma yara suna koyon harshen a makaranta. A ƙidayar 2021 mutum kusan 538,000 ne suka ce suna iya Welsh a duk ƙasar, gwamnatinsu kuma ta sa burin kai wa miliyan ɗaya nan da 2050. Idan ka ce wa mai shago diolch, wato na gode, zai ji daɗi.

Ta ina ake zuwa?

Ba jirgin ƙasa har yanzu. Sai ka sauka a Hereford, daga Landan kusan awa uku ne, daga nan ka hau bas na kamar awa ɗaya. Ka duba lokacin bas ɗin da kyau musamman ranar Lahadi don ba shi da yawa.

Musulmi zai sha wahala a can?

Wahala dai a'a, amma ka shirya. Ba garin da za ka ji kiran sallah ba ne, ka tafi da dardumarka da manhajar alƙibla a waya. Abinci kuma ka tsaya a kifi, ƙwai, cuku da na ganye, waɗannan suna nan ko'ina, kuma ka riƙa tambaya don suna sa naman alade da giya a girkin da ba ka zata ba. Idan Juma'a kake so cikin jama'a mai yawa to Cardiff ko Newport ko Birmingham, Cardiff ma tana da tsofaffin al'ummar Yamal da Somaliya tun zamanin jiragen ruwan gawayi. Sannan ka lura da lokaci, a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi na dare, asuba kuma ta yi sammako sosai, da sanyi kuwa ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara.

Idan mutum ba mai son karatu ba ne, akwai abin yi?

Akwai. Garin yana bakin gandun Bannau Brycheiniog, wanda aka fi sani da Brecon Beacons kafin a tsayar da sunan Welsh ɗin a 2023. Tsaunin Hay Bluff yana saman gari, mita 677, akwai dawakai da tumaki sake a kansa, iska kuwa kamar ta ɗauke ka. Wata siririyar hanya ta bi ta gefensa, Gospel Pass, ita ce hanyar mota mafi tudu a Wales, mota ɗaya take ɗauka, idan kun haɗu da wani sai ɗaya ya ja baya. Ta gangara zuwa kangon tsohon gidan ibada na Llanthony. Masu tafiyar ƙafa kuma suna bin hanyar Offa's Dyke mai mil 177, wadda ta ratsa ta cikin garin.

Yaushe ya fi kyau a je?

Idan hayaniya da manyan baƙi kake so, lokacin biki. Idan littattafan kake so, ka bari sai Satumba, ka zo ranar Laraba ka kwana ka wayi gari a kasuwar Alhamis. Ko yaushe ne dai ka riƙe rigar ruwa da takalmin da ba ya jin laka, kuma ka bar wuri a jakarka, littafi yana da nauyi kuma kilo 23 ɗin jirgi ba ya da wuyar cika.